Dokar Burtali a Bakin Masu Tallar Nono

Ka taɓa jin dokar da ake yi maka hukunci da ita, da kunnenka? Ma'u ta Gwiwa sai da ta haifi 'ya'ya biyar kafin ta ji.

Mai tallar nono ce, matar makiyayi. A shekarun da kuɗin mai suka shigo, kowa na faɗaɗa gona, wani manomi Daudu ya shuka gero a kan burtalin da shanunsu ke bi zuwa mashaya. Mijinta ya ce tunda haka ne sai ƙaura Nijar. Ma'u ta ce ba inda za ta, nan aka binne uwarta.

Kowa cewa yake akwai doka a kan burtali, amma ba wanda ya taɓa ganinta. Ma'u ta hau motar Kazaure. A ofishin hukuma, akawu ya ce takardar ba ta fita daga ofis. Ta koma, ta sake komawa, har ya gaji ya bar Malama Rhoda, malamar firamare mai sayen nononta, ta kwafe ta a tsaye.

Da Turanci take, Ma'u kuwa ko Hausar boko ba ta karantawa. Sai ta tara masu talla, su bakwai har da ita, dokar kuwa sashe bakwai ce. Rhoda na fassarawa, kowacce ta haddace ɗaya, ta riƙa faɗa wa masu saye a kasuwa.

Sashe na shida ne ya kawo gardama: saniyar da ta ci amfanin gona, mai ita zai biya.

"Yaya Ma'u, a bar wannan mana," in ji maƙwabciyarta Tasalla. "Mu da bakinmu?"

"Don shanunku ne ɓarayin dawa, ko? Kawo, ni zan ɗauka. In mun ɓoye rabi, da me muka fi akawu?"

Ranar da aka zauna kan maganar burtalin a ƙofar dagaci, da sashen nan na shida ta fara. Manoman da suka zo da shirin rigima sai suka saurari saura. Daudu ya sa aka maimaita masa na burtali, sannan ya ce, "Ranka ya daɗe, a bar ni in girbe, ba zan ƙara ba." Aka tsaga wa shanu hanya ta gefen gonar kafin kaka.

A zaman nan aka ci mijin Ma'u tarar dami biyu, kan ɓarnar bara. Da kanta ta kai, ba su kuwa yi ƙaura ba.

Kai ma gwada: nemi dokar sana'arka, ka sa a karanta maka ita duka, har wurin da bai yi maka daɗi ba.