Man Kaɗe a Akwatin Bolan

Shekara biyu ko uku bayan samun ƴancin kai na mallaki kamyona na farko, wato babbar motar kaya, wani tsohon kamyo da wani Bature ɗan kasuwa ya bari a Gaya da zai koma gida. Fentinsa ya tafi, ƙofa ɗaya da igiya ake ɗaure ta, amma in na hau sai in ji kamar ni na karɓo ƴancin kan da hannuna. Na yi aji huɗu a lakwal, makarantar boko ke nan, ina iya karanta rubutun jikin gwangwani, saboda haka a ganina babu wani sirri da ya rage a duniya.

Ciwon motar ɗaya ne. Bolan, wanda mutanen Kamba ke kira sitiyari, yana da wani akwatin ƙarfe a ƙarƙashinsa, inda haƙora ke cizon juna su juya ƙafafun gaba. Akwatin nan yoyo yake yi. Duk man da na zuba da safe, kafin azahar yana ƙasa.

Na kai wa wani tsohon makanike, mutumin Dahome da ke aiki ƙarƙashin itacen bedi a bakin tasha. Ya sa yatsa, ya shinshina.

"Me kake zuba mata, maigida?"

"Man inji."

"Ya yi ruwa da yawa, robar bakin ta mutu. Kar ka cusa giris zalla kuma, haƙoran za su ture shi gefe su ci gaba da cin juna a bushe. Sai mai kauri irin na giyar mota, a dama shi da ɗan giris har ya yi kamar kunu. Ka ba ni kwana huɗu, za a kawo mini daga ƙetaren kogi."

Kwana huɗu! Ni ko jibi nake da alkawari da babana.

Baba na noman shinkafa a fadamar Tanda. An yanke, an sussuke, buhuna na jere a kan tudun gona, kogi kuma na cikowa kamar yadda yake yi kowane lokacin sanyi. Cikin buhunan har da na iri, wata jar shinkafa da ya gada daga mahaifinsa, wadda duk shekara mutane ke zuwa roƙo ya tsakura musu. Da jakuna ake kwashewa tun da can. Wannan karon na ce masa ya sallami masu jakin, ɗansa ya yi mota. Ya dube ni jim kaɗan, ya ce to.

Da na dawo gida daga wurin makaniken sai na tarar da inna tana shafa wa faso man kaɗe. Nan take basira ta sauko mini. Abu mai kauri, mai santsi, wanda ba ruwa ba kuma ba giris ba, ai ga shi cikin ƙwarya! Na kwashe mata shi kaf, na narkar a rana, na ɗura har baki.

Wallahi da la'asar ɗin nan da yatsa biyu nake juya bolan. Na zagaya kasuwa sau uku ba tare da wani dalili ba. Har tsayawa na yi gaban bedi na ce wa tsohon ya bar mansa a Dahome, namu na gida ya wadatar. Ya ce, "Fofo, maigida," wato sannu, ya ci gaba da aikinsa.

Ranar alkawari aka tashi da sanyi mai shiga ƙashi. Bayan na yi sallar asuba na hau, na kama bolan, sai na ji kamar na rungumi kututture. Man kaɗe ya daskare, kamar yadda kowace mace a garin nan ta san yana yi, ni kaɗai ne ban tuna ba. Mai hankali da ya aika a kira masu jaki. Ni sai na ɗebo garwashi a kasko na tura ƙarƙashin akwatin. Ya narke kuwa, ya narke sosai, ya bi ta matacciyar robar yana ɗiga a hanya tun daga ƙofar gida, ni ina ciki ina yaba wa kaina.

Kafin in kai fadama akwatin ya bushe. Bolan ya fara ƙara, ya yi nauyi, ina jan shi da kafaɗu. A kwanar ƙarshe, inda hanya ke bin gefen ruwa, na murɗa iya ƙarfina, motar ta ɗan karkata kamar mai shawara, sannan ta miƙe abinta cikin laka har gindi. Daga nan ina hango baba tsaye kusa da buhunansa, da hannu a goshi.

Bai yi faɗa ba, kuma da ya yi da na fi samun sauƙi. Ya ce, "Sauko ka kama." Masu jaki sun tafi aikin wani ƙauye. Mu biyu da wasu maƙwabtan gona muka dinga ɗauka a ka, ruwa daga idon sawu ya kai gwiwa, daga gwiwa ya kai ƙugu. Na ga dattijo mai furfura yana rangaji da buhu a wuya saboda wayona, kunya ta kusa kashe ni. Mun fitar da fiye da rabi. Buhunan iri su ne a can ƙasa, don su aka fara jerawa. Sai washegari aka tsamo su da kwalekwale, kuma cikin kwanaki kaɗan suka tsiro a cikin buhu.

Da lokacin shuka ya zo, baba ya sa babbar rigarsa ya ce in raka shi gidan wani mutum da shekara da shekaru ya saba zuwa roƙon iri a wurinmu. A zaure muka zauna, aka gaisa, aka sake gaisawa, baba na ta juya maganar a baki. Can ya ce, "Ko akwai sauran jar nan da na ba ka bara?"

Mutumin ya sunkuyar da kai ya shiga ciki da sauri. Baba ya miƙo mini ƙwaryar da ya ɓoye cikin hannun rigarsa.

"Riƙe," ya ce. "Kai za ka karɓa."