Mai Tuntu ta Malam Lawal

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ina cikin karin kumallo yau aka bugo mini waya: Malam Lawal ya rasu. Wallahi kofin shayin na nan inda na ajiye shi.

Shi ya koya mana aikin gona a sakandare. Kafin nan ya yi aikin gandun daji a kurmin kudu, daga can ya taho da wata shuka da ban taɓa ganin irinta a Katsina ba. Turawa na ce mata tassel fern, shi kuma Mai Tuntu.

Ba ta fure, ba a shuka ta a ƙasa. A jikin itatuwan kurmi take rayuwa, rassanta na rabuwa biyu-biyu suna zubowa ƙasa, ƙarshensu siriri kamar tuntun hula. Malam ya sa ta a kwando da ɓawon kwakwa da gawayi, ya rataye a inuwar rumfarsa a Ƙofar Marusa, daidai saman randunan gidan.

Mun sha yi masa tsiya. Ciyawar da ko akuya ba ta ci! Sai ya yi dariya ya miƙo maka dabino.

Ganina da shi na ƙarshe, na ɗauki moɗa zan kwarara mata ruwa, ya riƙe hannuna.

"Kai Sanusi, kashe ta za ka yi? Wagga sanyin randa take sha. Ka raba ta da randa cikin zafin garin nan, ta tahi."

Bayan jana'iza na shiga yi wa matarsa, Hajiya Binta, gaisuwa. Ina ɗaga kai gabana ya faɗi. An kwashe randunan an kai zaure don masu ta'aziyya, kamar yadda aka saba. Mai Tuntu na rataye ita kaɗai, har ta fara yaushi.

Na tsaya ina kallon kwandon. Ya za a yi in ce a hana mutane ruwa saboda ciyawa?

Hajiya ta bi idona da kallo, ta share hawaye.

"Sanusi, kwance ta ka kai ta wurin randunanta. Malam ba zai so ɗaya ya rasa ba, ita ko mutanen."

Na rataye ta a zaure. Duk wanda ya sunkuya ya ɗebi ruwa sai ya ɗago ya ce, "Wannan kuma mece ce?" Na tsinci kaina ina bayani da kalmomin Malam, har da yadda yake nuni da ɗan yatsa. A nan kuka ya ƙwace mini.

Ban sani ba ko za ta rayu a hannunmu. Ina tsoro ƙwarai.

Allah Ya jiƙan Malam, Ya sanyaya masa makwanci kamar yadda ya sanyaya wa baƙuwar nan wuri. Don Allah duk wanda ya karanta, ko bai san shi ba, ya sa shi a addu'a.