Murfin Langata a Injin Malam

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar maigidana, Malam Haruna direba, Allah ya jiƙansa. Ya bar mana gonaki biyu a bayan Gezawa da tsohuwar a-kori-kura wadda ta girmi duk 'ya'yanmu.

Da ita muka ci tuwo a shekarun tsuke bakin aljihu, lokacin da kayan gyara suka ɓace a kasuwa. Motocin garinmu suka dinga mutuwa ɗaya bayan ɗaya, tasa ta ƙi. Ba ƙarfinta ba ne, taurin kan mai ita ne. A tsakar gidana yake baje injin a kan tabarma, abin da ya lalace ya nemo madadinsa ko daga ina. Gyaɗar mutane da masu naƙuda duk ita ke kai su birni. Na yi mita har na gaji, domin ko kwanon sha ba ya tsira daga baƙin mai.

Bana autanmu Nasiru ya ce zai mayar da ita yadda ta fito daga kamfani: a cire duk wani faci, a sa na asali. Na ji daɗi, amma raina ya ɗan sosu. Idan aka cire facin, me ya rage na hannun Malam?

Ya kawo bakanike daga Bacirawa, dattijo mai haƙuri. Na ja kujera na zauna a gefe. Yana taɓa abu yana faɗa: gangar injin ta asali ce, ga lambarta. Kafireto na wata mota ne, shi ya sa ramukan kusoshin ba su hau ba sai da aka faɗaɗa. Lagireto an yi masa ƙari da dalma. Da ya zo kan faifan da ke rufe matatar iska, sai ya tsaya yana juya shi.

"Hajiya, wannan kam ban san motar da ta haife shi ba."

Ya kankare baƙin fentin da wuƙa, sai ga jan fure. Murfin babbar langata ne ta kayan jere. Lokacin da ya ɓace, shekarun baya, na birkice ɗaki ina nemansa, Malam yana zaune yana taya ni jaje, har da cewa in duba ƙarƙashin gado. Da na tuna, na yi dariya har na share hawaye, kuma ba duka na dariya ba ne.

Da yana raye ya ga yadda yau ake aiko da kayan gyara ta waya, na san zai taɓe baki ya ce an daina gyara, sai musanye. Amma zai yi murna da yaransa ba su san wancan matsin ba.

Nasiru ya ce, "Inna, a cire a wanke miki, na asalin yana samuwa."

Na ce su canja duk abin da suka ga dama, ban da wannan. Mutumin bai bar mini zinare ba, amma bai taɓa barin mu kwana da yunwa ba, ko da zai kai ga sace mini murfi. Tun yana raye ban yafe wa wanda ya ɗauka ba, don ban san shi ne ba. Ranar nan na yafe, na ce a ɗaure kusoshin da kyau.