Wutar Norkul Ta Cinye Mana Tursunoy

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma. Ranar Lahadi, uku ga Disamba, 1961, da hantsi, yayata Tursunoy 'yar Holmat ta bar duniya a filin bikin girbin auduga na ƙauyenmu, Yangibulak, da ludayi a hannunta. An gaya wa baƙi cewa zuciyarta ce ta tsaya. Haka ne, ta tsaya. Ni ƙanwarta, Zulhumor, zan faɗi abin da ya tsayar da ita.

Opa, haka nake kiranki tun ban iya magana sosai ba, domin ke ce babbar yaya, ke ce kuma uwar da na sani. Lokacin da yaƙi ya kwashe mazan ƙauyen nan, ke kika gaji babbar tukunyar ƙarfen mahaifinmu, kina dafa palov, dafa-dukanmu na shinkafa da nama, na suna da na makoki. Da mazan suka dawo, babu wanda ya iya karɓe ta daga hannunki, don sun ɗanɗana girkinki sun sallama. A shekarun yunwa kin sha cusa min gurasarki a aljihu ki ce kin riga kin ci. Sai da na girma na gane ƙarya kike yi min. Ba a taɓa sauke tukunya a gabanki ba sai kin fara cika kwano an kai wa tsofaffin da ba sa iya fitowa, kafin manyan baƙi su ga ko ƙwayar shinkafa.

Har wanda ya yi sanadinki ya ci alherinki, kuma wannan ne ke ƙona min rai.

Bara aka kawo mana lantarki. A daidai lokacin Norkul, ƙanin mijinki, ya dawo daga aikin soja da filaya a aljihu da baki cike da fariya. A bikin sabuwar shekara ya tara mutane a tsakar gida, wai zai kashe talo-talo da wuta, naman zai fi na yanka laushi. Ya kama waya biyu tsirara da hannu. Talo-talon ya tsallake katanga lafiya lau, shi kuwa wutar ta maka shi da bango, tafukan hannunsa suka sale. Kowa ya yi dariya har da hawaye, ban da ke. Ke kika shafa masa kitsen rago, kika naɗe hannuwan, kika riƙa ba shi miya a baki da cokali kamar jariri har ya warke.

Ina zaune kika ce masa, "Norkuljon, wannan wuta ba irin ta murhu ba ce. Ba ta hayaƙi, ba ta sallama. Ka bar wa waɗanda suka koye ta."

Ya ce, "Haba matar yaya! Ke dai zauna da tokarki. Wata rana da ita zan dafa miki abinci, kina kishingiɗe."

Da bikin auduga ya matso, shugaban gonar haɗin gwiwarmu ya ji cewa manya za su zo daga gunduma da mai ɗaukar hoto. Norkul ya raɗa masa cewa zai nuna musu ƙauyen da ke dafa palov ba da itace ba. Ya jera bulo, ya naɗa waya tsirara a ƙarƙashin tukunyarki, ya jawo wuta kai tsaye daga turke. Fiyus ya yi ta ƙonewa, yana gaya masa gaskiya, sai ya cire shi ya cusa ƙusa a gurbinsa. Aka ce a kira ma'aikacin wuta na gunduma ya duba, Norkul ya ce zubar masa da mutunci ake son yi.

Jajibirin bikin kin taɓa bakin tukunyar, kika ji ta cije ki har kafaɗa. Kin je wurin shugaba da ƙafarki. Ya ce miki tsoron mata ne, ya kuma tambaye ki ko mijinki Ergash yana son ci gaba da tuƙa tarakta. Kika dawo gida ba ki ce wa kowa komai ba sai ni.

Da safe aka yi yayyafi mai haɗe da ƙanƙara, filin ya zama laka, takalmanki na fata suka jiƙe sharkaf. Na zo zan taya ki juya nama, kika ture ni.

"Je ki yanka karas can nesa. Ki tafi da Mavluda, kada ta matso nan."

Kin san abin da kike tsoro, shi ya sa kika kori ƙanwarki da 'yarki. Ina yanka karas na ga kin tsoma ludayin ƙarfe. Ba ki yi ihu ba. Hannunki ya damƙe ludayin ya kasa saki, jikinki yana rawa. Na zabura, wata tsohuwa ta rungume ni ta baya, tana cewa in na taɓa ki mu biyu za a binne. Ergash ne ya fizgo ƙotar fartanya ya doke wayar. Kafin nan Norkul ya shige bayan rumbun auduga, ko turken wutar bai waiwaya ba.

Abin da ya biyo baya ba zan yafe ba. Shugaba ya sa aka lulluɓe ki da mayafin tebur aka fitar da ke ta bayan makaranta. Aka kwashe naman da kika soya aka mayar kan itace. Masu kiɗa ba su tsaya ba. Baƙi suka ci, suka yaba, suka tambaya wa ya yi girkin.

Ranar addu'ar uku Norkul ya shigo gidanki da hula a hannu, ya zauna cikin maza, har aka miƙa masa shayi. Na ratsa tsakar gidan na karɓe kofin na zubar a gabansa.

Ya ce, "Zulhumor, kwananta ne ya ƙare."

Na ce, "Kwananta na hannun Allah. Ƙusar kuwa hannunka ne ya sa ta. Tashi ka fita."

Babu namiji ɗaya da ya ce in yi haƙuri. Ergash, wansa uwa ɗaya uba ɗaya, shi ya buɗe masa ƙofa.

Ki ji abin da muka yi, Opa. Na hau motar auduga na je gunduma, na faɗa wa mai bincike komai, sunan Norkul da na shugaba, ba tare da na rage harafi ba, kuma zan koma duk lokacin da suka yi kamar sun manta. Matan Yangibulak sun haɗa baki: babu wadda za ta hura wuta ko ta murza gurasa a bikin auren Norkul da aka sa da bazara. Uwar yarinyar da zai aura ma ta riga ta mayar musu da kayan aure. Mun bi gida gida mun sa an tsinke duk wayar da ya ɗaura wa mutane, sai ma'aikacin gaskiya ya zo ya gyara. In Norkul ya bi ta layi, yara ma shigewa gida suke yi. Ba na fatan ya mutu da wuri. Ina so ya tsufa a ƙauyen nan yana cin abincinsa shi kaɗai.

Allah Ya jiƙanki, Tursunoy. Ya sanyaya makwancinki, Ya ciyar da ke kamar yadda kika ciyar da bayinSa. Ina miƙa ta'aziyya ga yaya Ergash, da 'ya'yanki Anvar da Mavluda, da tsofaffin da har yanzu suke kallon ƙofa lokacin cin abinci. Allah Ya ba mu haƙurin rashinki. Su kuma waɗanda suka ci gaba da kiɗa kina kwance a bayan makaranta, na bar su da Shi, kuma ranar da za a tsaya a gabanSa ina gefenki, ni ce shaida.