Tafintar Tsofaffin Balad

A Jidda aka haifi Mastura, a wani ɗakin haya bayan Bab Makka, 'yan shekaru bayan ubanta ya zo aikin Hajji daga Malumfashi bai koma ba. Malam Musbahu ya sha ɓuya kafin Allah ya haɗa shi da wani attajiri mai sayar da darduma, wanda ya zama kafilinsa, wato mai tsaya masa, ya yi masa iƙama, takardar izinin zama, a matsayin direban gida. Uwarta Zinariya waina take soyawa da yamma a ƙofar gida. A ƙarƙashin iƙamar uban nan Mastura ta tashi, bakinta Larabcin Hijaz tsantsa. Hausa tana ji sarai, amma in ta buɗe baki sai ƙawayen uwarta su kwashe da dariya.

Yarinya ce mai kai. Da ta gama sakandare wata kwalejin mata mai zaman kanta ta ba ta gurbi kyauta saboda sakamakonta, ita kuwa ta zaɓi tarihi da ilimin zamantakewa. Zinariya ta tafa hannu.

"Ga aikin jinya, ga kwamfuta, sai labarin matattu? Wa zai ɗauke ki aiki ki riƙa ba shi labarin matattu?"

"Ki ƙyale ta," in ji Malam Musbahu. "Ni na yi tuƙin da ba na so, ita ta karanta abin da take so."

Kullum in ya sauke 'ya'yan maigidansa a makaranta, sai ya zagayo ya kai tasa.

A shekararta ta uku aka kira ta ofis. Kwalejin na da wani shiri na tadribi, wato koyon aiki, don irinsu masu karatun adabi da tarihi waɗanda kamfanoni ba sa ko waiwayarsu: a tura ɗaliba wata ƙungiyar agaji ta yi aiki, kuma a biya ta duk wata. Aka tura Mastura wata ƙungiyar mata a unguwar Aziziyya. Shugabar wurin, Ustaza Nawal, mace ce mai fara'a da ƙamshin turare. Ta dube ta sama da ƙasa.

"Kina jin yaren Takari?"

"Ina ji, Ustaza."

"Alhamdu lillahi! Allah ne ya kawo mana ke, ya binti."

Ashe ƙungiyar ta daɗe tana kai abinci da magani ribaɗi-ribaɗin Balad, tsohon garin Jidda, wato tsofaffin gidajen wakafi da ake ajiye matan da ba su da kowa, kuma a wasu gidajen yawancin matan Hausawa ne. Ana miƙa musu shinkafa a juya, babu mai sanin ciwonsu. Mastura ta zama bakinsu. Ranar da ta karɓi albashin farko ta sayo wa uwarta murhun gas mai kai biyu, Zinariya ta kewaya shi tana guɗa, ta daina zancen matattu.

A ɗaya daga cikin gidajen nan ta haɗu da Hajiya Aissa, wata tsohuwa 'yar Damagaram da ta taho da ƙafa tun tana yarinya, ta ratsa Chadi da Sudan da iyayenta, suna tsayawa suna noman auduga don guzuri. Ta binne miji da 'ya'ya duk a ƙasar nan, ba ta taɓa riƙe takarda ko ɗaya mai sunanta ba. Ranar farko Mastura ta gaishe ta da Hausarta mai karyayyen baya.

"Ɗiyata, wa ya taune miki harshe haka?" in ji tsohuwar. "Zauna nan. Sai kin gyara gaisuwa zan sha maganin naku."

Haka suka ƙulla. Aissa na gyara mata Hausa, ita tana auna mata sukari tana yanke mata farce. Abin da take karantawa a littafi game da hanyar alhazai, ga shi zaune a gabanta yana tauna goro. Mastura ba ta taɓa jin karatunta na da amfani irin lokacin ba. Da wa'adinta ya cika, Ustaza Nawal da kanta ta roƙi kwaleji a ƙara mata. Da ambaliya ta ci unguwannin gabashin Jidda a ƙarshen 2009, Mastura ce ke shiga taɓo har gwiwa, tana lallaso matan da ke tsoron fitowa karɓar bargo don kada a tambaye su iƙama. Sunan ƙungiyar ya yi tashe, masu hannu da shuni suka fara kira da kansu.

Bayan ta gama digiri aka shirya walimar masu ba da gudummawa, ta mata zalla, a wani babban zaure. Ustaza ta ce Mastura ce za ta yi jawabi.

"Amma ki zo da kayan ƙasarku, zani da ɗankwali. Zai fi kyau a hoto."

Mastura ba ta san wata ƙasa ba bayan wannan, amma ta ari atamfar uwarta. Ta tsara maganarta a kan tsofaffin da suka taka Afirka da ƙafa don su ga Ka'aba. Da ta isa, ba a zaunar da ita teburin ma'aikata ba, sai can gefe tare da wasu mata uku da aka kwaso daga ribaɗi. Ta ɗauka don fassara ne. Can Ustaza Nawal ta ɗauki lasifika.

"Ga ɗaya daga cikin 'ya'yanmu. A lungunan Balad muka tsince ta, ba ta da kowa, ba ta da komai. Yau ga ta da digiri, albarkacin sadakarku."

Zauren ya ɗauki tafi. Mastura ta miƙe. A teburin gaba ta hango Ummu Othman, matar kafilin ubanta, wadda ta san ta tun tana goye, ta kuma san wanda ke kai ta kwaleji kullum safe. Ita ma tafi take yi, har da share ƙwalla. Saura ƙiris a sabunta iƙamar Malam Musbahu, kuma sa hannun mijin matar nan ake jira. Mastura ta haɗiye duk abin da ta tsara, ta ce ta gode, Allah ya saka da alheri, ta koma ta zauna. A mota ubanta ya tambaye ta yadda aka yi.

"Lafiya lau, Baba. An yi tafi."

Ba a jima ba aka buɗe kujerar mai kula da shirin ribaɗi, aikin da ita ta gina da hannunta. Ta shiga wurin Ustaza.

"Wallahi da a hannuna ne, ya binti, da tuni. Kujerar ta 'yan ƙasa ce. A iƙamarki ma a rubuce yake ba a yarda ki yi aiki ba."

"To wanda na yi a baya fa, Ustaza?"

"Wancan tadribi ne. Tadribi na ɗaliba ne, ke kuwa kin gama. Halas. Amma ƙofarmu a buɗe take, ki riƙa zuwa don Allah, ladanki na wurinsa."

Aka ɗauki wata mai suna Rim, yarinya mai kirki da ba ta san ko "sannu" ba, aka ce Mastura ta nuna mata aiki. Ta nuna mata. Ta ci gaba da zuwa ba ko sisi, ubanta na biyan tasi, don ba ta iya barin Aissa a hannun wanda ba ya jin ta.

Da bazara tsohuwar ta rasu a asibiti. Ba ta da takarda, sai aka riƙe gawar a ɗakin sanyi. Mastura ta roƙi Ustaza ta sa baki, tunda kiran waya ɗaya daga gare ta ya isa.

"Allah ya jiƙanta. Amma wannan ba huruminmu ba ne. Kada ki jawo mana tambayoyi."

Malam Musbahu ne da wasu dattawan Damagaram masu sayar da takalma suka yi ta safa da marwa tsakanin asibiti da ƙaramin ofishin jakadanci, har aka yi makonni kafin a ba su ita. Mastura ce ta yi mata wanka tare da uwarta. Daga ranar ba ta sake taka Aziziyya ba.

Yanzu gida-gida take bi a unguwar Safa, tana koya wa 'ya'yan masu hali darasin makaranta a ɓoye. Wasu gidajen ta ƙofar kicin ake shigar da ita, wata uwar gida ma takan ce in ta gama ta ɗan taya 'yar aiki ninke kaya. Malam Musbahu ya tsufa, idonsa ya fara gazawa, kowa a gidan ya san ranar da ya ajiye mota iƙamar su duka ta tafi, amma babu mai furtawa.

Wata ranar Talata tana zaune da wani ɗan aji huɗu a kan darasin tarihi, wayarta ta yi ƙara. Rim ce.

"Afuwan ya Mastura, wata tsohuwa ce a nan tana ta kuka, na kasa gane abin da take so. Minti ɗaya kawai."

Mastura ta dubi wayar kamar ta kashe. Sai ta jiyo muryar tsohuwar daga nesa, ana kiran sunan Allah da Hausa. Ta tashi ta fita baranda, ta ja ƙofa.

"Ba ta wayar," ta ce. "Sannu, Hajiya. Ina ne ke miki ciwo?"

Daga falo uwar gidan ta ɗaga murya, tana tambaya ko lokacin darasi ne wannan ko na hira.