Sharar Gindin Inji

Da kakar bana ƙanwata Ige ta cika shekara tara a ƙasa. Ni ban yi boko ba, faɗi nake ana rubutawa. Amma ina da ido, kuma abin da ya gani shi zan faɗa.

Ige 'yar dakau ce a Gummi, wato mai daka hatsin wasu a sallame ta. Sana'ar wadda miji ya mutu ya bari ce, ko wadda ba ta da mai yi mata. Matan kulle su aiko da gero, ta surfe, ta sheƙe, ta wanke, ta ribɗe, a ba ta tsaki da dusa, in an ji tausayi a haɗa da ƙanzo. Tafin hannunta ya yi kanta har ƙaya ba ta shigarsa. Babu gidan malami ko na mai hali a unguwarmu da bai sha furar dakanta ba, amma ban taɓa ganin an shimfiɗa mata tabarma a gidan biki ba. Kullum tana bayan ɗaki, wajen turame. Ranar jana'izarta wani alhaji ya tambayi wadda ta rasu, aka ce mai daka ce. Ya ce, "Assha! To wa za ya yi muna na gobe?"

Ta riski injin niƙa na farko. Muna tsaye muna kallon hayaƙi, ta taɓe baki ta ce, "Yaya, bar shi ya yi ta tari. Garin ga warin ƙarfe gare shi, mai hankali ba ya ci. Kuma surfe dai sai hannu." Da wannan ta tafi. Allah ya rufa mata asiri, don bara aka kawo injin surfe, masu hankalin kuma duk sun saba da ƙarfen.

Ɗiya guda ta bari, Hassi, wadda ita ma mijinta ya rasu ya bar ta da yara uku. Ba ta gaji gona ba, ba ta gaji akuya ba, hannu ta gada, hannun kuwa yanzu babu mai nema. Sai ta koma gindin inji da tsintsiya da rariya, ita da sauran tsofaffin 'yan dakau, suna share garin da ya zube ƙasa, su tankaɗe, su dama kunu. In ka sha, yashi na ƙara a haƙori. Da shi yaran suka ƙetare damina.

Makon jiya na raka Hassi gindin injin. Mai injin, wanda Ige ce ta daka garin kunun jegon haihuwarsa, ya kashe inji ya ce, "Inna, ku yi haƙuri, daga yau a bar sharar ga. Wani mai kiwon raguna ya saye ta har Sallah."

Na ce, "Ragon ya fi ɗiyan Hassi ke nan?"

Ya ce, "Wallahi Inna, rago dai biya mishi ake."

Ba da mugunta ya faɗa ba, har da 'yar dariyarsa. Wannan ya fi ci mini rai.

Ban tsine wa inji ba. Mata da yawa ƙirjinsu ya huta, ni ma garinsa nake tuƙawa. Amma rediyo na ta zancen ci gaba, ban ji an tambayi inda masu taɓarya suka nufa ba. Da can ba a ganin su, sai dai ana bukatarsu. Yanzu bukatar ma ta tafi. Ige mai baki ce, ba ta barin magana ta faɗi ƙasa, amma ina jin da ta ga yau, shiru za ta yi.

Me ya saura nata? Kabarin ya baje, masu tuna sunanta ba su cika tabarma ba. Hassi ce kaɗai. Jiya ta kawo mini manyan yaran biyu, ta goya ƙaramin, ta ɗaure tsintsiyarta. An ce mata akwai inji a Zugu da mai shi bai san ana sayen shara ba tukuna. Ta kama hanya da ƙafa. Ban hana ta ba. Na dai san labarin zai riga ta isa.