Ƙanƙarar Romon Kifi

Maigidana yana da wani labari da yake ji da shi. Duk sanda baƙi suka cika falo hira ta yi daɗi, sai ya gyara zama ya ce, "Bari in ba ku labarin ranar da matata ta shayar da manyan mutane zoɓon kifi a Riyad." Tun bai kai rabi ba an fara dariya, shi kansa har da share hawaye. Ni kuwa nakan tashi in ce zan duba tukunya, don in na zauna raina ne zai ɓaci. Labarin nasa gaskiya ne, ban ce ya yi ƙarya ba. Abin da yake ƙona mini rai shi ne inda yake tsayar da shi.

A shekarun alif ɗari tara da tamanin muka zauna a Riyad, a wani tsohon bene a unguwar Shumaisi. Shi injiniya ne a wani kamfanin gine-gine, ni kuma an kawo ni ina amarya, a kan igamarsa, wato takardar izinin zama. Da safe zai fita ya ja ƙofa, sai la'asar in sake ganin ɗan Adam. Ba ɗa, ba dangi, ba Larabci. Na'urar sanyaya ɗaki tana ruri a bango daga safe har dare, har in ta yi shiru sai in ji kamar an yi mutuwa a gidan. Fitata ɗaya ce, hawa saman soro in shanya kaya.

A can na sami wata mage. Fara ce mai dabbare-dabbaren toka, kunnenta ɗaya a yage, ga rama. Tana kwance a 'yar inuwar tankin ruwa, baki buɗe tana haki. Ban taɓa ganin mage tana haki haka ba a gida. Na sauka na ɗebo mata ruwa a kwanon silba. Kafin in gama shanya ruwan ya yi ɗumi, kwanon ma ba ya taɓuwa. Ta sa harshe sau ɗaya ta janye, ta dube ni kamar ni na kunna ranar.

Washegari na jefa mata ƙanƙara a ruwan. Ta shaƙa, ta ture da hannu, ta ƙyale. Sai dabara ta faɗo mini ina tafasa kifi. Na ɗebi romon tun kafin in sa gishiri da albasa da yaji, na tace ƙaya, na bar shi ya huce, na zuba a mazubin ƙanƙara mai gida-gida na tura firiza. Da ya daskare na ɓallo guda biyu a kwanon silba na hau da su. Tun daga matakala ta ji ƙarar ƙanƙarar tana bugun kwano ta ɗago kai. Ta lasa, ta tsaya, ta sake lasa, sannan ta kwanta ta rungume kwanon tana bin ƙanƙarar da harshe duk inda ta zame.

Daga ranar na sami sana'a. Ran da aka dafa kaza, romon kaza. Ran da aka buɗe gwangwanin kifi, in tsiyaye ruwan in ƙara masa ruwan sha, in marmasa ɗan kifin a ciki. Wani lokaci in dama laban, nonon shanun nan na kanti, cokali ɗaya da ruwa, in daskarar a robarsa. Na gane ba ta son manyan ƙanƙara, sai na riƙa cika mazubin rabi. Ko tana ina, in na girgiza kwano ƙwal-ƙwal sai ga ta a guje. Ina zama gefenta ina yi mata Hausa, ina ba ta labarin gidanmu da na wanda ya ɓata mini rai, kuma ba ta taɓa ce mini in bari sai an gama labarai ba.

Maigidana kuwa abin da yake ce mini ke nan. Da ya dawo ya ci abinci sai ya manna rediyo a kunne yana laluben labaran gida cikin shuuu da ƙara. A haka na gaya masa cewa mazubin da ke ƙasan firiza, wanda na naɗe a baƙar leda, na mage ne. Ya ce, "To, madalla." A haka kuma, kwanaki kaɗan da kamawar azumi, na sauko da murna na gaya masa ta haihu a bayan tanki, 'ya'ya uku, ido a rufe. Ya ce, "To, madalla."

Azumin shekarar ya faɗo a tsakiyar zafi. Wata rana ya gayyaci mutane shan ruwa: abokan aikinsa, da wasu 'yan gida masu aikin gini, da wani dattijon likita da duk 'yan Najeriya ke kira Baba Alhaji. Na wuni a tsaye. Ƙosai, kunun tsamiya, sambusa, shinkafa da kaza, da zoɓon da na yi ta tattali tun daga gida, na haɗa shi a babbar roba da citta da kanumfari. Tsarin gidan kuwa, ƙofar kicin tana kallon ƙofar ɗakin baƙi. Da zarar maza sun shigo, ni na koma ƙurya na rufe ƙofa ke nan, kamar yadda kowace mace take yi a garin. Shi zai ɗauki abinci ya kai. Mutumin da tun da aka kawo ni bai san inda cokali yake kwana ba, shi aka bar wa kicin.

Kafin in shige na ce, "Malam, ƙanƙarar zoɓo tana cikin babban kwano a sama. Ita kaɗai za ka juye."

Ya ce, "Na ji."

Ya juye ta, sai ya ga kamar ba ta isa ba, ga manyan baƙi. Ya laluba ƙasa, ya ci karo da baƙar leda, ya kwance, ya ga ƙanƙara mai launin ƙasa-ƙasa, bai tambayi kansa komai ba ya ɓalle rabi ya zuba. Ina ƙurya na ji an kira sallah, na ji shirun cin dabino, sannan na ji wani ya yi tari, wani ya ce "A'uzubillahi!" Wani Basudane abokin aikinsa ya ce, "Wallahi fi samak," wai akwai kifi a ciki. Sai ga Malam a ƙofar ƙurya, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Ke, me kika sa a zoɓon nan?"

"Wace ƙanƙara ka ɗauka?"

"Ta cikin leda."

"Ta mage ce. Na gaya maka."

Da ya yi shiru da bakinsa, da an ce kuskuren kicin ne an wuce wurin. Amma ya koma ya faɗa musu. Ɗakin ya kece da dariya. Baba Alhaji ya ce ba komai, ai ba haramun aka sha ba, a kawo kunu. Sai wani cikin masu aikin ginin, mai kaifin baki, ya ce, "Injiniya, ashe gidanka mage ce uwargida! Mu muna can muna buɗe baki da ruwan tanki, ita ana yi mata ƙanƙara da romo. Don Allah a tambayi Hajiya ko tana neman wani magen, ga ni." Aka sake fashewa. Na ji muryar Malam cikin masu dariyar, amma na san dariyarsa, wannan ba ta kai ciki ba.

Bayan sun watse bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi na mai da shi abin dariya a gaban mutane. Na ce hannun wa ya kwance ledar? Sai ya ɗauki rediyonsa.

A azumi kowa yakan koma barci bayan asuba. Da na farka rana ta ɗaga, ya riga ya fita. Na buɗe firiza na ga baƙar ledar a kwance. Na fito matakala na tarar da kwanon silba a ƙasa, ƙanƙara ɗaya tana narkewa a ciki. Nan take na gane. Magen nan ba ta yarda da kowa ba, ko mai gadin gidan bai taɓa iya matsarta ba. Kwanona ya ɗauka, ya girgiza mata irin yadda nake yi, ta taho a guje tana zaton ni ce. Ashe yana ji. Duk abin da na faɗa bai shiga kunnensa ba, amma ƙarar kwanon ta shiga.

Na hau soro. 'Ya'yan suna bayan tanki suna ta rarrafe a kan juna, suna wani siririn kuka.

Da ya dawo ban bari ya cire takalmi ba.

"Malam, ina magen?"

"Na sa ta a kwali na kai ta kasuwar Utaiƙa. Can kowa yake kai su. Abinci har sai ta ture."

"'Ya'yanta fa?"

"Waɗanne 'ya'ya?"

"Waɗanda na gaya maka ta haifa, ka ce madalla!"

Na ga abin ya ɗan taɓa shi, amma maimakon ya ce mu je, sai ya ce ai da na faɗa masa da kyau. Da kyau! Ban san ko da kalangu ya so in sanar da shi ba. Na ce ya tashi mota yanzu mu koma. Ya ce yana azumi, ya gaji, kuma rana ta yi. Ya ce bukura in sha Allahu, irin goben mutanen garin da ba ta da rana.

Ban taɓa jin haushin zamana a garin nan kamar ranar ba. Utaiƙa ba wata uwa duniya ba ce, tafiyar mota ce kaɗan. Amma ni ba na tuƙi, ba macen da take tuƙi. Ban san hanya ba, ban iya tambaya ba, kuma takardar da za ta nuna ni mutum ce in an tare ni tana aljihunsa. Na zauna a tsakar ɗaki da abayata a hannu ina kuka don baƙin ciki.

Na sauko da 'ya'yan cikin kwali na shimfiɗa musu tsohon zanena. A hawa na ƙasa akwai wata ma'aikaciyar jinya 'yar ƙasarmu, wadda nake kira Yaya. Ta ba ni sirinji marar allura, ta nuna mini yadda zan ɗiga musu madara a gefen baki. Ta duba su ta ce, "Ƙanwata, ki yi iya yinki, amma waɗannan nonon uwa suke so." Na yi iya yina. Madarar tana fitowa ta hanci, cikinsu ya kumbura. Ƙaramin ne ya fara mutuwa, washegari na biyu ya bi shi. Malam yana wucewa ta gefen kwalin yana kau da kai.

Sai ranar Juma'a, da babu aiki, goben tasa ta zo. Na zuba sauran ƙanƙarar a fulas, na ɗauki kwanon silba, na bar wa Yaya na ukun. Ya tsaya a bakin kasuwar ya nuna mini wajen wasu akwatunan tumatir, ya ce nan ya sake ta, ko kuma can gaba kaɗan, bai riƙe ba. Ya zauna a mota da sanyinsa. Ni na fita cikin baƙar abaya, da azumi a bakina, ina zagaya bayan rumfuna ina girgiza kwano ƙwal-ƙwal. Masu ɗaukar kaya suna tsayawa suna kallona. Maguna suka fito daga ƙarƙashin motoci, baƙaƙe da jajaye da masu ido ɗaya, duk wadda wani ya gaji da ita ya kawo. Ina duba kunnuwansu ɗaya bayan ɗaya. Na girgiza har ƙarar ta daina fita, don ƙanƙarar ta zama ruwa. Na ajiye musu kwanon suka shanye, na koma mota.

A hanya ya ce, "Ki yi haƙuri, dabba ce."

Na ce, "Na sani."

Muna isa na ga Yaya a bakin ƙofarta da kwalin a hannu, ta rufe shi da zanen. Na ukun ma ya bi 'yan'uwansa.

Mun dawo gida da daɗewa, mun haifi 'ya'ya, mun aurar. Malam ba mugun mutum ba ne, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, kuma kowa ya shaide shi da kyauta. Wannan ne ma yake ƙara ba ni haushi, don da mugu ne da na san inda zan ajiye abin. Shi a wajensa labarin ya ƙare a inda mai aikin gini ya nemi a ɗauke shi mage, a nan ake dariya, a nan yake tsayawa.

Tun daga waccan Juma'ar ban sake sa masa ƙanƙara a abin sha da hannuna ba. Ko a azumi, na yara da na baƙi da sanyinsu, nasa kofin yadda ya fito daga tulu. Yakan kurɓa ya ce, "Yau ma an manta da ni." Sau ɗaya na gaya masa dalili, tiryan-tiryan, tun daga kwanon silba har zuwa kwalin da ke hannun Yaya. Yana riƙe da rediyo a kunne, ya ce, "To, madalla."